Tambaya da Amsa: Me ya sa masu binne 'ya'ya mata suka bauta wa gumaka mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wajen tafsiri na ji an ce Lata da Uzza da Manata duk mata ne. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya mutanen da ke binne jarirai mata da rai za su durƙusa wa mace? Kuma Larabawa ne kaɗai suka yi haka, ko akwai wasu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji daidai ne, kuma ba Larabawa kaɗai ba ne. Da wuya ki sami al'ummar da ta bauta wa alloli barkatai ba tare da mata a cikinsu ba.

Mu fara da ukun da kika ambata, waɗanda sunayensu suka zo a Suratun Najmi, aya ta 19 da ta 20. Lata tana Ɗa'ifa, wajen ƙabilar Saƙif, kuma farin dutse ne aka gina wa ɗaki. Uzza tana kwarin Nakhla, tsakanin Makka da Ɗa'ifa, ita ce Ƙuraishawa suka fi ji da ita. Sunan yanka na Abu Lahabi ma Abdul Uzza ne, kuma a ranar Uhudu da ita Abu Sufyan ya yi wa Musulmi kirari, cewa su suna da Uzza, Musulmi ba su da ita. Manata kuwa, gunkiyar rabo da ajali, tana Ƙudaid, kusa da gaɓar Bahar Maliya, inda Ausu da Khazraj na Madina suke zuwa su yi aski bayan sun gama aikin hajjinsu na jahiliyya. Bautar Lata tsohuwa ce ƙwarai, domin marubucin Girka Herodotus ya ambace ta tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira aka aika Khalid bin Walid ya rushe Uzza, Mugira bin Shu'uba kuma ya rushe Lata a shekarar da ta biyo baya.

Tufka da warwarar da kika hango, Alƙur'ani ya riga ya tanka ta a ayoyi biyu na gaba a Suratun Najmi, domin sun ɗauki gumakan nan 'ya'yan Allah mata: ku ku zaɓi 'ya'ya maza, Shi kuma ku jingina maSa mata? Aka kira wannan rabo na zalunci. Suratun Nahli kuma ta siffanta mutumin da fuskarsa ke baƙi idan an yi masa albishir da 'ya mace. Sai dai a kula, ba kowane gida ko kowace ƙabila ce ke binne 'ya'ya ba.

A fahimtata, kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar gunkiya a matsayin ma'aunin darajar mata a gari. Ba haka tarihi ya nuna ba. Mutane sun sa wa abin da suke tsoro ko suke kwaɗayi siffar mace: ƙasar da ke fitar da amfani, kogi, haihuwa, rabo, mutuwa, har da yaƙi. Mai yanka rago a gaban Manata tsoron ajali ne ya kai shi, babu ruwansa da haƙƙin matarsa. Dubi birnin Atina na Girka a zamanin da. Da sunan gunkiyarsu Atena ake kiran garin, sun yi mata mutum-mutumi na zinariya da hauren giwa mai tsawon kusan mita 12, amma mace ba ta da bakin magana a majalisar gari, kuma duk tsawon rayuwarta tana ƙarƙashin waliyyi. A Indiya har gobe miliyoyin Hindu na bikin gumakansu mata Durga da Lakshmi da Kali, amma sai da gwamnati ta kafa doka a 1994 ta hana likitoci bayyana jinsin abin da ke ciki, saboda yawan zubar da cikin 'ya mace. A ƙidayar 2011, 'yan mata 'yan ƙasa da shekara bakwai ba su kai 920 ba a kan kowane yara maza 1,000.

Ba na cewa mata ba su sami komai ba. Inda aka yi gunkiya, galibi akan sami mata masu hidimar ɗakinta, wasunsu kuma sun riƙe iko na gaske. A tsohuwar Iraƙi, wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, Enheduanna 'yar Sarki Sargon ta zama babbar mai kula da ɗakin bauta a birnin Ur, kuma ita ake jingina wa waƙoƙin yabon Inanna, gunkiyar soyayya da yaƙi. Amma 'yar sarki ce, ba matar talaka ba.

Sauran misalan suna da yawa. Misirawa sun yi Isis, wadda bautarta ta kai har Roma. Gidan sarautar Japan ya danganta asalinsa ga Amaterasu, gunkiyar rana. Nan kusa da mu, Yarabawa suna da Oshun, gunkiyar kogi, kuma kurminta da ke Oshogbo ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2005. Duk watan Agusta wata budurwa kan ɗauki ƙwaryar hadaya a kanta, jama'a na biye da ita zuwa bakin kogi. Bayin da aka kwasa zuwa Brazil sun tafi da Yemoja, gunkiyar ruwa ta Yarabawa, shi ya sa har yau ake zuba mata furanni a teku a birnin Salvador ranar 2 ga Fabrairu. Ibo suna da Ala, uwar ƙasa, Akan na Ghana kuma suna da Asase Yaa, wadda a al'adance ba a taɓa gona ranar Alhamis saboda ita.

Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba, sai dai tsarin ya ɗan bambanta. Maguzawa sun yarda Allah ne mahalicci, amma yau da kullum iskoki suke yi wa yanka. Cikin manyan iskokin akwai Inna, wadda ake kira Uwargona, ana roƙonta albarkar noma, da Doguwa, fara da baƙa, wadda ake ɗora wa shanyewar jiki idan an taɓa kayan wanda take tsare wa. 'Yan bori ba sa ɗaukar waɗannan iskoki a matsayin alloli, don haka ni ma ina taka-tsantsan wajen jera su da Uzza ko Isis, ko da yake aikin da aka ba su ɗaya ne. A Gobir ma Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, ita ke shugabantar 'yan bori, kuma ana shawara da ita a fada tun kafin jihadin 1804.