Koci, kada ka sa hannu a takardar nan tukuna

Saƙon da zan amsa yau na wani koci ne, ba zan kama sunansa ko ƙasar da yake ba tunda maganar bata mutu ba. Ga abinda ya rubuto a taƙaice: ya bar ƙasarsu ya je wata ƙasa yana horar da wani kulob a rukuni na biyu, kwantiragin kaka biyu wato wata 24, ya yi wata 9 sai aka doke su wasa biyar a jere suka fara leƙa 'yan dagaji wato na ƙasan tebur masu shirin faɗuwa daga rukunin, shugaban kulob ya kira shi a waya yace ya ɗan huta a gida, mataimakinsa ya karɓi atisaye, ga albashin wata 3 ba a biya shi ba, yanzu kuma sakatare ya kawo masa takarda wai an rabu cikin yardar juna za a bashi kuɗin wata ɗaya ya kama gabansa. Yana tambaya ko ya karɓa, tunda a ganinsa shi ya jawo wa kansa da rashin cin wasa.

Toh Koci, sannu da haƙuri, nasan akwai ciwo. Amma fara cire wannan tunanin daga ranka, rashin cin wasa ba laifi bane a idon doka. Kotun ƙwallo ta FIFA da kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne a Suwizalan sun sha yanke hukunci akan haka, kuma matsayarsu ita ce faɗuwar sakamako shi kaɗai baya zama hujjar da kulob zai tsinke kwantiragin koci ya tafi ba diyya. Dalilin a fili yake, kai alƙawarin da ka ɗauka shine zaka yi aiki da iya ƙwarewarka, baka ɗauki alƙawarin ƙwallo zata shiga raga ba, ga alƙalin wasa ga rauni ga 'yan wasan da su ma ƙila suna bin albashi. Kulob yana da damar ya ce baya son ka ci gaba, wannan ba mai hana shi, amma sai ya biya. Su ma sun san haka, shi yasa ba su baka takardar kora ba suka kawo maka ta yardar juna. In ka sa hannu a wannan takardar, musamman in akwai layin da yace babu wanda ke bin wani komai, to ka yafe haƙƙinka da hannunka, kuma warware irin wannan daga baya abu ne mai wuyar gaske sai fa in ka iya tabbatar da cewa tilasta maka akai, wanda ba ƙaramin aiki bane a gaban kotu.

Bari mu yi lissafin abinda ake so ka yafe. Tun 1 ga Janairun 2021 FIFA ta saka wani rataye wato ƙarin sashe na musamman na kociyoyi a cikin dokokinta na matsayi da musayar 'yan wasa, shine yanzu rataye na 2, kafin nan kociyoyi ba su da rubutacciyar kariya irin ta 'yan wasa. A ƙarƙashinsa in kulob ya kore ka ba hujja kuma baka samu wani aiki ba, ƙa'idar ita ce a biya ka duk abinda ya rage a kwantiragin. Naka saura wata 15, ga bashin wata 3, kaga kuɗin wata 18 kenan ake so ka sayar akan wata ɗaya. In kuma ka samu wani kulob kafin a yanke hukunci, za a cire abinda zaka samu can a cikin wannan lokacin da ya rage. Misali sabon aikin rabin albashinka ne na tsawon wata 12, za a cire daidai da wata 6, saura 9. Sannan in rashin biyan albashi ne ya kawo ƙarshen kwantiragin ana ƙara maka wata 3 a kai, in abin yayi muni sosai har zuwa wata 6, amma duka dai diyyar ba zata wuce wata 15 ɗin nan ba. Bashin wata 3 kuwa daban yake, kuma yawanci ana ɗora ruwan kashi 5 cikin ɗari a shekara. Sai dai ka buɗe kwantiraginka ka karanta da kyau, in akwai sakin layin da kuka riga kuka tsayar da adadin diyya in an rabu, shi za a fara dubawa kafin wannan lissafin.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma anan kociyoyi da yawa suke faɗawa rami. Har yau a takarda ba a kore ka ba. Magana ce ta waya, kuma gobe shugaban nan zai iya rantsewa bai taɓa faɗa ba, ya ce kai ne ka daina zuwa aiki, sai reshe ya juye da mujiya kulob ya zama shine ke neman diyya a wurinka don ka gudu ka bar aiki. Saboda haka kada ka tattara kayanka ka koma gida cikin fushi, kuma kada ka karɓi wani aikin alhali wannan bai mutu ba. Yau ɗin nan ka rubuta wa kulob ta imel ɗinsu na hukuma, ka faɗi ranar da shugaba ya kira ka da abinda yace, kace kai a shirye kake ka ci gaba da aikinka na babban koci kuma kana neman a mayar da kai, ka nemi su amsa a rubuce. Ka je filin atisaye a lokacin da aka saba, in mai gadi ya hana ka shiga kada kayi rigima da kowa, ka samu shaida ka ɗauki hoto ka sake rubuta musu. In sun sanar da sabon koci a Facebook ko wani shafinsu ka ɗauki hoton shafin har da kwanan wata kafin su goge. Saƙonnin WhatsApp, takardun banki da ke nuna watan da aka daina biyanka, lasisinka na horarwa, takardar izinin zama, duk ka haɗa ka ajiye kwafi a wani wurin da ba wayarka kaɗai ba.

A cikin wasiƙar ko wata daban ka saka maganar albashi. Dokar tace in kulob ya riƙe maka albashin aƙalla wata 2 bayan lokacin biya ya wuce, kana da hujjar tsinke kwantiragin da kanka, amma da sharaɗin ka gargaɗe su a rubuce ka basu aƙalla kwana 15 su biya duka. Ka faɗi watannin ɗaya bayan ɗaya da adadin kuɗin da asusun da za a saka. Dan Allah ka ƙirga kwanakin nan da kyau kada ka gaggauta, gara ka ƙara kwana ɗaya ko biyu akan ka rage. In sun cika ba a biya ba ko an biya rabi, sai ka aika takarda ta biyu kace ka kawo ƙarshen kwantiragin bisa hujja. Hana ka aiki da akai ma hujja ce mai zaman kanta, domin ratayen ya haramta duk wata muzgunawa da ake yi don a tura mutum ya ajiye aiki ko ya yarda a canza sharuɗɗa, amma ni na fi son hanyar albashin saboda tafi sauƙin tabbatarwa, takardar banki bata ƙarya.

Sai maganar inda za a kai ƙara, kuma anan kasancewarka a ƙaramin rukuni yake da tasiri. FIFA tana sauraron rikicin koci da kulob ne in kocin baƙo ne a ƙasar, wato baya ɗauke da shaidar zama ɗan ƙasar da kulob ɗin yake, wannan ka cika shi in dai baka da fasfo ɗinsu. Na biyu dole abinda ake biyanka ya wuce kuɗin da kake kashewa wajen yin aikin, na uku kuma dole kulob ɗin ya zama na ƙwararru. Wannan na ukun ka bincika shi sosai, domin akwai ƙasashen da a rukuni na biyu ko na uku ana yi wa 'yan wasa rajista a matsayin 'yan sha'awa ko da ana basu ɗan wani abu, kuma kulob ɗin da 'yan sha'awa zalla yake yi wa rajista baya shiga ƙarƙashin ratayen nan. In akwai 'yan wasan da ke da rubutaccen kwantiragin ƙwararru da aka yi wa rajista a hukumar ƙwallon ƙasar to kana kan hanya. Sannan ka duba ƙarshen kwantiragin inda ake maganar sasanta rikici, wani lokacin a rubuce yake ƙarara cewa kotun ƙwadago ta ƙasar ce ko kwamitin sasanci na hukumar ƙwallonsu zai saurara, irin wannan layin yana iya rufe maka ƙofar FIFA. In haka ta faru haƙƙinka bai faɗi ba, sai dai dokar ƙwadago ta ƙasar ce zata yi aiki, kuma wa'adin shigar da ƙara a irin waɗannan kotunan yakan zama gajere ƙwarai, don haka ka nemi lauya a can cikin gaggawa.

In FIFA ce, akwai sauƙi ta wasu fuskoki. Koci baya biyan kuɗin shari'a, ana shigarwa ta shafinsu na intanet da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci, galibi komai a rubuce ake yi ba sai ka hau jirgi ba. Wa'adinka shekara 2 daga ranar da abin ya faru, kuma albashin kowane wata nasa agogon yake bi, kada ka zauna jiran alƙawarin za mu biya bayan wasan gobe. In an yanke hukunci kulob yana da kwana 45 ya biya, in ya ƙi a hana shi rajistar sabbin 'yan wasa har zuwa kakar musaya uku a jere, wannan shine bulalar da take sa shugabanni nemo kuɗi. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 10 ya nemi cikakken dalilin hukuncin, sannan kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa CAS, can kam akwai kashe kuɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, cin shari'a daban karɓar kuɗi daban. Ƙananan kulob suna rushewa, wasu su canza suna su dawo, duk da dai doka tana bin wanda ya gaji kulob ɗin in an ga launin riga ɗaya, 'yan wasa ɗaya, masu shi ɗaya, amma abin yana cin lokaci. Shi yasa ban ce kada ka sasanta ba. Kai ka san aljihun kulob ɗin fiye da ni, kuma nasan kana tunanin sunanka, kada ace kai mai kai ƙara ne a daina kiranka aiki. Ni dai ban ga abin kunya ba mutum ya nemi guminsa cikin ladabi kuma a rubuce. In za a sasanta, a fara biyan bashin wata 3 cas tunda wannan ba abin ciniki bane, sannan a yi ciniki akan wata 15 ɗin, kuɗi su shiga asusunka kafin ka sa hannu ko a rana ɗaya, in kuma kashi-kashi za a biya a rubuta ranakun, a kuma rubuta cewa in aka saɓa ko sau ɗaya ne duk ragowar ya zama wajibi nan take. A saka tikitin komawarka gida, a kuma rubuta cewa kana da 'yancin kama aiki a ko'ina daga ranar. Ka bincika kuma ko izinin zamanka a ɗaure yake da aikin, don kada wa'adinsa ya ƙare kana tsakiyar ciniki. Kafin ka aika wasiƙar farko ka nuna wa lauyan da ya san shari'ar wasanni kwantiragin gaba ɗaya har da duk wani ƙarin shafi da kuka sa wa hannu daga baya, in akwai ƙungiyar kociyoyi a ƙasar ka tuntuɓe su suma.