Karimova: sunan Rashawa ne, ko na gidan shugaban ƙasa?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Samarkand ta ƙasar Uzbekistan, ya ce ya ga yarinyar da yake son aure, sunan gidansu Karimova. Wasu dangi sun ce sunan Rashawa ne, wasu kuma sun ce jinin tsohon shugaban ƙasarsu ce. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tushen sunan Karim ne na Larabci, mai karamci, galibi gutsuren Abdulkarim. Wutsiyar -ov ce kawai ta Rashanci, ma'anarta "na wane", ga mace kuma -ova. A zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman shekarun 1920 da 1930, ma'aikatan rajista suka riƙa ɗaukar sunan uban mutum ko kakansa su liƙa masa ita.

Zancen jinin shugaban ƙasa shi ne ya fi damuna, domin kullum da shi ake cutar mutane. Lallai Islam Karimov ya shugabanci Uzbekistan daga 1991 har rasuwarsa a 2016. To amma duk wanda kakansa ke amsa Karim a ranar rajista ya zama Karimov, ko manomin auduga ne a Fargana, ko maƙeri a Bukhara, ko Batajike a Khujand ta Tajikistan, alhali babu abin da ya haɗa su. Kamar a ce duk mai suna Abdulkarim a Kano ɗan gida ɗaya ne. Har yau ma iyalai da yawa daga sunan kaka suke yanka wa jariri sunan gida, sai ki ga na uba daban, na ɗa daban. A Tajikistan kuwa, tun da shugaba Emomali Rahmon ya yar da -ov ɗinsa a 2007, ɗan Karimov kan koma Karimzoda ko Karimi. Duk da haka ga 'yan damfara a intanet suna karɓar kuɗi su buga wa mutum "tarihin zuriyar Karimov" har da tambari. Ƙarya ce tsagwaronta, kada ki ba su ko sisi, haka ma mai iƙirarin wai shi magajin marigayin ne.

In asalinta kike nema, ɗanki ya tambayi sunan mahaifinta, wanda a takardun Uzbek kan zo da "qizi", wato 'yar wane, ko -ovna. Ya ji sunan kakanta da garinsu, sannan ya samu dattawan mahallarsu, wato unguwarsu, domin a can ma su ake tambaya kafin aure.