Amsa: Rikicewar maganar mahaifinki ba lallai Alzheimer ba ce

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kalmomi na ɓace wa mahaifinki sannu a hankali, alhali yana gane mutane da hanyar gida, kina tambaya ko cutar mantuwa ta Alzheimer ce. Na daɗe ina aikin gyaran magana a asibiti, kuma abin da kika bayyana ya yi kama da larurar da likita Marsel Mesulam ya siffanta a 1982, wadda ake kira PPA, wato lalacewar magana mai ƙaruwa sannu a hankali saboda cutar ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki kan ɗauke magana farat ɗaya, ita kuwa wannan a hankali take ci. A 2011 masana suka kasa ta gida uku, domin kowane gida yana nuni ga cutar da ke ƙarƙashinsa.

Ki saurare shi da kyau. Idan yana magana tiryan-tiryan amma ma'ana ta gudu, har ki ce ya miƙo buta ya tambaye ki mene ne buta, galibi wani sinadarin jiki, wato furotin mai suna TDP-43, ne ya taru a sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunnen hagu. Idan kuwa ya san abin da yake nufi amma furucin na fita da ƙyar, a kakkarye, an fi zargin taruwar wani furotin mai suna tau. Na ukun shi ne mai tsayawa tsakiyar zance yana laluben kalma, kuma in kika faɗi doguwar jimla ba ya iya maimaita ta. Wannan ne mafi yawanci Alzheimer ke haddasawa.

Sai dai duk wannan ishara ce, ba hukunci ba. Na ga marasa lafiya da maganarsu ta faɗa tsakanin gida biyu. Hoton MRI yana nuna inda ƙwaƙwalwa ta motse, gwajin ruwan ƙashin baya ko hoton PET kuma na iya gano amiloid, wato alamar Alzheimer. Shi TDP-43 har yanzu ba a tabbatar da shi sai an binciki ƙwaƙwalwa bayan rasuwa.

Bambancewar tana da amfani, domin magani irin donepezil don Alzheimer aka yi shi, ba a ga fa'idarsa a sauran biyun ba, wani lokaci ma yakan ƙara wa mutum rashin natsuwa. Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ki naɗi hirarsa a waya ki tafi da ita, sannan ki roƙa a gwada shi da harshen da ya tashi da shi, don gwajin Turanci kan sa a ga tawayar da babu ita. Allah Ya ba Baba lafiya.