Likitan da ba ya duba mara lafiya, shi ma likita ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na kusa gama karatun likita, zuciyata na kan binciken cututtuka masu yaɗuwa a lab, amma Baba ya ce wahalar banza ce tunda ba zan riƙa duba marasa lafiya ba. Dan Allah ya zan yi? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata, wlh tambayar nan ta min daɗi. Ki ba Baba labarin Dakta Sherif Zaki, ɗan Iskandariyya ta Masar, ya gama likitanci a 1978 ya wuce Amurka ya yi digirin digirgir a jami'ar Emory, sannan ya shugabanci sashen binciken naman jiki na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, har rasuwarsa a 2021. Aikinsa shi ne ya ɗora ɗan yankan huhu ko hanta a kan gilashi ƙarƙashin madubin likita, ya zuba sinadari, inda ƙwayar cuta ta ɓuya sai ya yi ja. Haka ya taimaka aka gano ƙwayar cutar hantabairos ce ta haddasa wata cutar huhu a Amurka a 1993, aka kuma gano ƙwayar cutar Zika a ƙwaƙwalwar jarirai.

Ki gama hausmanship (aikin horo na sabon likita a asibiti) da bautar ƙasa tukun, ki nemi horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, ki riƙe malami mai bincike tun yanzu. Ga Lassa nan duk rani tana cinye mana mutane.