Da Motata Nake Yi Wa Kamfani Tafiya, Kuɗin Mai Kawai Suke Ba Ni: Adalci Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da wani kamfani mai sayar da iri da takin zamani a Kano. Kusan kowane mako sai an tura ni Katsina in zaga dilolinmu, kuma da motata nake zuwa, Toyota Corolla ce 'yar Kwatano. Abin da ake ba ni kuɗin mai ne kawai, shi ma sai na kai rasit. Watan jiya na canza tayoyi biyu da shoka, rabin albashina ya tafi. Da na yi wa manaja magana sai ya ce ai mota tawa ce, gyaranta ma nawa ne. Malam, mene ne adalci a nan, kuma nawa ya kamata in nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ana ƙwarar ka, ko da manajanka bai yi niyyar haka ba. Na daɗe ina aikin akanta, kuma wannan magana ta "mota taka ce" na sha jin ta daga bakin mutanen kirki waɗanda ba su taɓa zama sun yi lissafin ba. Gaskiya ne mota taka ce, amma tafiyar ta kamfani ce. Duk abin da tafiyar ta ci a jikin motar, kamfani ne ya ci shi. Yadda kuke a yanzu, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne mai kaɗai ake biya nan take a gidan mai, a karɓi rasit. Sauran kuɗin a ɓoye suke taruwa. Kowane rami da ka faɗa tsakanin Bichi da Tsanyawa yana rage kwanan shoka, kowane taka birki yana cin takalmin birki, amma ba ranar za ka biya ba. Sai wata uku ya wuce, ka tsaya a gareji, bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ɗago yana girgiza kai, sannan bashin ya fito gaba ɗaya. A ranar kuwa babu mai tuna cewa hanyar Katsina ce ta jawo.

Shi ya sa hanyar da ta fi adalci ita ce a biya ka a kan kowace kilomita, da farashi ɗaya wanda ya haɗa komai. Ba sabon abu ba ne. A Amurka, hukumar harajinsu ta sa senti 70 a kan kowane mil na tafiyar aiki a shekarar 2025, kuma kuɗin mai bai kai ko rabin wannan ba. A Birtaniya, tun daga 2011 an shafe fiye da shekara goma ana amfani da kwabo 45 na fam a kan kowane mil har zuwa mil 10,000, sannan ya sauka zuwa 25. Ba cewa nake ka kwafo lambobinsu ba, hanyarsu da farashinsu daban ne da namu. Tsarin nake so ka gani.

Ga yadda za ka fitar da naka. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ka cire su ka sa na gaskiya daga motarka.

Fara da mai, kuma kada ka yi ƙiyasi. Cika tanki har bakinsa, ka rubuta lambar da ke kan mita. Je ka Katsina ka dawo, ka sake cikawa a famfo ɗaya in da hali. Litar da ta shiga ita ce abin da tafiyar ta sha. A ce lita ɗaya tana kai ka kilomita 10, kuma lita naira 900 ce, ka ga kowace kilomita naira 90 ke nan.

Sai juye. In kana canza baƙin mai da matatarsa duk kilomita 5,000 a kan naira 40,000, naira 8 ke nan. Tayoyi huɗu a naira 240,000, in sun yi maka kilomita 40,000, naira 6. Gyare-gyaren shekara, irin su birki, shoka, fulogi, batir da ladan bakanike, in sun kai naira 400,000 kuma kana yin kilomita 20,000 a shekara, naira 20. Takardun mota da inshora ba su da yawa in an raba, a ce naira 2.

Abin da ya rage shi ne tsufan motar, kuma a nan ne gardama ke tashi. Manajanka zai iya ce maka, "Wane tsufa? Motar da ka saya miliyan uku yau ana taya ta miliyan takwas." Mutane da yawa suna ruɗuwa da wannan magana. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta faɗi, musamman tun da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023. Ranar da injin ya buga, ba za ka sami irinta a miliyan uku ba, sai dai a farashin ranar. Saboda haka da kuɗin da za a sayi irinta yau za ka yi lissafi. A ce tana miliyan takwas, kana sa ran za ta ƙara yin kilomita 200,000 sannan ka sayar da ita a miliyan biyu. Miliyan shida ke nan za ta narke a kan hanya, wato naira 30 a kowace kilomita.

In ka haɗa duka, naira 156 ke nan. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340, ban da zagayen cikin gari. Tafiya ɗaya ta ci maka naira 53,040, alhali abin da ake ba ka na mai 30,600 ne. Kana cika sama da naira 22,000 daga aljihunka duk mako. A wata kusan naira 90,000, wanda ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wannan kuɗin cefanen gidanka ne da kuɗin makarantar yara, ba wani abu da ya yi maka yawa ba.

Kada ka yarda a yanke maka lamba ɗaya a bar ta haka nan. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Wanda ya yi yarjejeniya a farkon 2023 bai sa sharaɗin sabuntawa ba, ya sha wuya. Ku raba farashin gida biyu: ɓangaren mai ya riƙa bin farashin gidan mai na watan, ɓangaren gyara da tsufa a duba shi duk wata shida. In farashin mai ya sauka ma, abin da ake biyan ka ya sauka.

Adalci kuma yana da nasa ɓangaren a kanka. Zuwanka ofis daga gida kullum ba tafiyar aiki ba ce, kada ka sa ta a lissafi. In ka je Katsina ka ratse Daura gaida dangi, wannan ratsen naka ne. In jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan KAROTA (masu kula da zirga-zirgar motoci na jihar Kano) suka ci ka tara saboda laifin tuƙi ko takardun da suka ƙare, kai za ka biya. Ka ajiye ƙaramin littafi a cikin mota: kwanan wata, inda ka je, dalili, lambar mita da ka tashi da wadda ka dawo. Ɗaukar hoton mita da waya ma ya isa. Ƙara kilomita ko sayen rasit na bogi cin haram ne, kuma ranar da aka kama ka sau ɗaya, gaskiyarka ta baya ma ta zube.

Akwai abin da ya fi kuɗin taya damuna, kuma ba ka tambaya ba: haɗari, Allah ya tsare. Inshorar da yawancinmu ke da ita ita ce ta dole, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023. Wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara motarka ko da sisin kwabo. In tirela ta goge ka a hanyar aiki, wa zai ɗauki nauyi? Ka tambaya yanzu, tun lafiya lau, kuma a rubuta amsar. Ka kuma karanta takardar inshorar taka, domin in kana loda buhunan taki ko iri a motar da aka yi wa inshorar hawan gida, kamfanin inshora zai iya samun hujjar ƙin biya. Rauni a jikinka kuwa yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan wannan diyya. Ka bincika ko kamfaninku yana zubawa.

Game da yadda za ka tunkari manaja, kada ka je da fushi ko a tsaye a bakin ƙofa. Ka rubuta lissafin a shafi ɗaya, ka haɗa da rasit na tayoyi da shokar nan. Kafin nan ka leƙa tasha ka tambayi nawa ake ɗaukar shatar ƙaramar mota da direba zuwa Katsina, ta wuni tana zagayawa da kai ta dawo. Ka sa wannan farashi kusa da naka, domin shi ne abin da kamfani zai biya in ba motarka. In sun amince, a sa hannu a takarda, ko da saƙon imel ne, saboda manaja yana iya canzawa. In sun ce ba za su iya ba, ka ce musu cikin ladabi za ka ci gaba da zuwa Katsina kamar kullum, amma a motar haya ko ta kamfani, su biya kuɗin mota da na zirga-zirgar cikin gari. Sai dai kafin ka faɗi haka, ka duba takardar ɗaukarka aiki, ko an rubuta cewa zuwa da motarka yana cikin sharuɗɗan aikin.