Amsa: Littafi uku na fara, ko ɗaya bai kai ƙarshe ba

Ƙanwata Ƴar Damagaram, kin ce labaranki uku duk sun tsaya wajen babi na 7, kina tambaya ko ki fara na huɗu. Don Allah kar ki fara.

Yawanci abin da ke kashe labari a nan shi ne an shiga rubutu ba a san ƙarshensa ba. Zaɓi guda ɗaya. Samu kaye sabo, wato littafin rubutu, ki rubuta a shafin farko: me jarumar take so, wa ya tare mata hanya, ina za ta ƙare. Sai ki raba shi babi 20, kowane babi layi biyu kawai.

Kalma 500 kullum bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso. Cikin kwana 80 kin haɗa 40,000. Ki riƙa tsayawa a tsakiyar zance, gobe kin san inda za ki ɗora. Kar ki koma gyaran babi na 1, can ne mutane ke maƙalewa.

Sakin babi-babi a WhatsApp kuwa, ki jinkirta shi. Masu karatu za su ja labarin inda ba ki nufa ba. In a waya kike rubutu, tura wa kanki kwafi ta imel duk Juma'a.