Shafin ya ce sai Windows: kada ka goge kwamfutarka tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce laftof ɗinka HP ce mai Linux Mint, wato tsarin da take aiki da shi a maimakon Windows, shafin da za ka yi rajista ya ƙi ka ya ce sai Windows, wani mai shago a nan Katsina kuma ya ce ka kawo ta a goge komai. Dakata da gogewar. Takaicinka yana kan hanya, domin bai kamata wurin da ke karɓar kuɗin jama'a ya tilasta wa mutum canja tsarin kwamfutarsa kafin ya cike fom ba. Sai dai ba kowane shafi ne ke tare mutum a wuri ɗaya ba, kuma maganin ya danganta da inda aka tare ka.

Fara da mafi sauƙi. Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauza tana aika masa ɗan layi da ke faɗin sunanta da tsarin da take kai. Shafuka da yawa wannan layin kaɗai suke dubawa, kamar mai gadin da ke kallon hula ba ya kallon fuska. A Chrome danna F12, shiga More tools, zaɓi Network conditions, cire alamar Use browser default, ka zaɓi Chrome na Windows, sannan ka sake loda shafin ba tare da ka rufe wannan tagar ba. Da ka rufe ta, komai ya koma yadda yake, nan ne mutane ke zaton dabarar ba ta yi ba. Idan fom ya buɗe, an gama.

Wani lokacin kuma fayil ne matsalar. Idan PDF ya nuna maka "Please wait" kawai, irin fom ɗin Adobe ne, kuma tun 2013 Adobe ba ta sake fitar da Reader na Linux ba. Buɗe shi da sabuwar Firefox. Idan fayil ɗin Excel ne mai ƙarshen xlsm, akwai macro a ciki, wato ƙananan umarni masu aiki da kansu, LibreOffice da ke zuwa da Mint kan kasa gudanar da wasu, Excel na intanet kuwa ba ya gudanar da su sam.

Idan shafin ya ambaci Internet Explorer ko ActiveX, ko ya ce ka sauke wani fayil mai ƙarshen exe ka jona na'urar ɗaukar zanen yatsa, to da gaske yake, sai Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a Yunin 2022, abin da ya rage shi ne IE mode, yanayin buɗe tsofaffin shafuka a cikin burauzar Edge, shi ma a Windows kaɗai yake aiki. Za a ce maka ka gwada Wine, manhajar da ke buɗe manhajojin Windows a kan Linux. Wine na iya buɗe manhajar, amma ba ya ɗaukar direban na'ura, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, don haka za ka ga allon ya fito lafiya, ka ɗora yatsa a kan na'urar, irin su DigitalPersona, shiru. Kada ka ɓata datarka a nan.

Abin da ke aiki shi ne ka sa Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke yin kwamfuta cikin kwamfuta, Mint ɗinka na nan ba a taɓa shi ba. Amma duba RAM tukuna. Windows 11 na neman aƙalla 4 GB da fili 64 GB, saboda haka idan duk abin da laftof ɗin ke da shi 4 GB ne, ba za ta ɗauki biyun ba. Da 8 GB za ka ba Windows rabi ka riƙe rabi. In faifan cikinta tsohon HDD ne, canja shi zuwa SSD ya fi komai rage jan ƙafa.

Ga yadda za ka bi. Kunna kwamfutar kana danna F10 ka shiga BIOS na HP, nemo Virtualization Technology ka kunna. In a kashe yake, VirtualBox zai yi kukan VT-x, wato sunan wannan fasahar a na'urorin Intel. Sauke Windows daga shafin Microsoft kai tsaye. Nauyinsa ya haura 5 GB, sai ka nemi datar dare ko wurin da ke da Wi-Fi, kuma batir ya cika, domin in an ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa sai an koma farko. Yi amfani da VirtualBox 7, shi ne ke iya samar da TPM 2.0, kayan tsaron da Windows 11 ke nema. Bayan an gama sakawa, rubuta wannan a terminal na Mint, tagar rubuta umarni: sudo usermod -aG vboxusers $USER. Fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba jerin USB zai fito fayau. Daga nan jona na'urar yatsan, je Settings, USB, ka ƙara ta a jerin, sannan ka kunna Windows ka sa direbanta kafin manhajar rajistar. In ka juya wannan tsari, sau da yawa manhajar za ta ce ba ta ga na'ura ba.

Masu MacBook a cikinmu su lura. Mai Intel yana da Boot Camp, manhajar Apple ta sa Windows a gefen tsarin Mac. Daga M1 na 2020 zuwa sama babu shi, sai Parallels ko VMware Fusion ko UTM, masu aiki irin na VirtualBox, kuma Windows ɗin da ke hawa kansu na ARM ne, wato wanda aka yi don irin ƙwaƙwalwar M1. Yana buɗe yawancin manhajoji, amma ba ya karɓar direban da aka rubuta don Intel, to na'urar yatsa na iya ƙin aiki komai ƙoƙarinka.

Jarrabawar intanet daban take. Safe Exam Browser, burauzar da ke kulle kwamfuta lokacin jarrabawa, da ire-irensa suna gane kwamfuta cikin kwamfuta su ƙi buɗewa, kuma ba shi da na Linux. Kada ma ka yi ƙoƙarin yi masa wayo, ana iya ɗauka satar amsa ce. Nan sai Windows na gaske a gefen Mint. Kwafe fayilolinka a wani wuri tukuna, ɗora Windows a filash na 8 GB ko fiye ta amfani da manhajar Ventoy, tunda takwararta Rufus a Windows kaɗai take aiki, ka ware wa Windows kamar 80 GB. Bayan haka kashe Fast Startup a cikin Windows, don yana kulle ɓangaren Windows na faifan, Mint ya kasa rubutu a ciki. Za ka kuma ga agogo ya kauce da awa ɗaya duk lokacin da ka sauya, domin Linux na ajiye agogon na'ura a UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. A Mint rubuta timedatectl set-local-rtc 1.

Idan mai shago ya ce Windows 10 zai sa maka, ka sani tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Ka kuma guji wanda aka fasa, musamman a kwamfutar da kake shiga banki da ita.

In rajistar ta sau ɗaya ce, duk wannan wahalar ba ta kai ba. Je kafe na wajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Hassan Usman Katsina Polytechnic, ka tambaya ko suna da na'urar yatsa kafin ka biya. Kai za ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka, ka ƙi in burauza ta nemi ajiyewa, ka fita daga asusun, ka canja ta in ka koma gida. Turo mana ainihin saƙon da shafin ya nuna da girman RAM ɗinka, sai a faɗa maka wacce za ka bi.